Ciwon Dajin Baba na Gado ne? Aurena na Neman Watsewa

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 25, ni ce babba a ɗakinmu. Mahaifinmu tsohon direban babbar mota ne, shekararsa 61. Ya sha sigari sama da shekara 30, amma tun da ya dawo daga Hajji shekara 6 da suka wuce bai sake kai ta bakinsa ba. Wata 5 ke nan yana fama da maƙogwaro, haɗiyar tuwo ta gagara, ga kaluluwa ta fito masa a wuya ta ƙi komawa. A asibitin koyarwa aka ɗebi tsoka a tushen harshensa, sakamako ya nuna ciwon daji ne. A takardar an rubuta p16 negetif, an kuma rubuta wani abu a kan p53. Mun yi murna da negetif ɗin, amma fuskar likita ba ta nuna murna ba. Da na duba a waya sai na ga wai p53 abu ne na cikin ƙwayoyin gado. Na yi suɓul da baka na gaya wa ƙawata, magana ta zaga har gidan su wanda zan aura. Yanzu gwaggonsa ta ce ba za su haɗa iri da gidan masu daji ba, ga biki saura wata 3. Baffana kuma ya rantse ba za a taɓa Baba da ƙarfe ko allura ba, wai daji ba ya son ƙarfe, a kai shi wajen mai magani a ƙauye. Anti, da gaske ni da ƙannena muna ɗauke da shi a jini? 'Ya'yan da zan haifa fa?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladar jinya.

Bari in fara sauke miki dutsen da ya fi danne ki. Dattijo ɗan shekara 61, ya sha sigari shekara 30 da ɗoriya, ciwo ya fito masa a tushen harshe: wannan kamannin ɓarnar hayaƙi ne, ciwon gado ba haka yake zuwa ba. Abin da kika karanta a waya gaskiya ne, p53 yana cikin kundin gado. Sai dai wayar ta ba ki rabin magana ta riƙe rabi, kuma rabin da ta riƙe shi ne mai kwantar da hankali. Ki yi haƙuri da ni in ɗan ja ki cikin ilimin, domin da shi za ki tunkari gwaggo, da shi kuma za ki tunkari baffa.

Fatar da ta shimfiɗe cikin baki da maƙogwaro ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kullum cikin sabuntawa suke. Na sama su tsufa su zube, na ƙasa su rabu biyu su maye gurbi. Shi ya sa idan shayi ya ƙona miki harshe, kafin mako ya zagayo kin manta. Kowace ƙwaya tana ɗauke da cikakken kundin umarnin jiki, wanda ake kira DNA, an ɗaure shi ƙunshi 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Duk ƙwayar da za ta rabu sai ta kwafi kundin nan daga farko zuwa ƙarshe, harafi kusan biliyan 6. Wanda ya taɓa kwafar ko da shafi goma da hannu ya san ba a rasa tuntuɓen alƙalami.

Tunda a gidan direba kika tashi, misalin mota zai fi miki sauƙi. A cikin kundin akwai umarnin haɗa wasu furotin da aikinsu shi ne su ce wa ƙwaya “rabu, yawaita”. Su ne totur. Akwai kuma waɗanda aikinsu su ce “dakata”. Su ne birki. Ciwon daji shi ne ƙwayar da toturta ya maƙale ko birkinta ya tsinke, ta yi ta haihuwar irinta ba tsayawa, har su zama ƙari, su ci naman da ke kusa, su bi magudanar ruwan jiki su sauka a kaluluwa. A dajin baki da maƙogwaro, abin da masu bincike suka fi tararwa shi ne tsinkewar birki. To p53 da p16 da kika gani a takarda sunayen birki ne. Lambobin nan ba su da alaƙa da tsananin ciwo ko shekarun mutum, nauyin furotin ɗin ne a ma'aunin masana.

Shi p53 ya fi birki aiki ma. Ki ɗauke shi kamar mai duba mota a bakin tasha. Muddin komai lafiya, ba a cika ganinsa ba, ƙwaya tana haɗa shi tana rushe shi nan take. Da zarar an sami ɓarna a kundi sai ya taru, ya hana ƙwaya rabuwa, ya ba masu gyara lokaci. In an gyara, ya sake ta ta wuce. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya umarci ƙwayar ta kashe kanta, don kada ta haifi masu irin lahaninta. Wannan abu yana faruwa a jikina da jikinki kullum ba mu sani ba.

A 1979 aka gano shi, David Lane a Landan da Arnold Levine a Amurka suna cikin waɗanda suka fara ganinsa. Abin dariya, kusan shekara 10 masana suna zaton shi ne mai laifin, saboda sukan same shi jibge a cikin ƙwayoyin daji. Sai a 1989 ta tabbata cewa wanda suke gani jibge ɗin lalatacce ne, ƙwaya ta kasa share shi, lafiyayyen kuwa shi ne mai hana ɓarna. Har yau da wannan dabara ake aiki a ɗakin gwaji. Ana shafa wani rini a kan tsokar da aka ɗiba, in p53 ya fito da yawa fiye da kima, ko ya ɓace ɗungurungum, sai a gane cewa na cikin ƙarin ya lalace. Mai yiwuwa abin da layin nan na takardar Baba ke faɗa ke nan, likitansa zai tabbatar miki. Kusan rabin dukan ciwukan dajin ɗan'adam akwai lalacewar p53 a cikinsu. Giwa ma, duk girmanta da tsawon ranta, ba ta cika yin daji ba, kuma an gano tana da kwafin umarnin p53 kusan 20, mu kuwa guda ɗaya tal, a rubuce sau biyu, na uwa da na uba.

Yanzu ga maganar gado. Ki lura da kyau, gwajin da aka yi wa Baba a kan tsokar ƙarin aka yi shi. Abin da ya nuna shi ne halin ƙwayoyin da ke cikin ƙarin nan na tushen harshe. Ƙwayoyin hannunsa, na jininsa, na hantarsa, da ƙwayoyin haihuwar da aka same ki daga gare su shekara 25 da suka wuce, duk labarinsu daban. Hayaƙi ya bi ta maƙogwaro ne, can ya yi wannan ɓarnar, can kuma ta tsaya.

Kin san tsagar gado. Sunanta na gado, kaka yana da ita, uba yana da ita, amma tun da aka fara yin ta ba a taɓa haihuwar jaririn da ya fito da ita a kumatu ba. Kowane yaro sai an kira wanzami ya tsaga masa tasa. Lalacewar p53 ta Baba irin wannan ce, tabo ne da aka yi masa bayan haihuwa, wanzamin kuwa sigari. Ba ta bin jini. Abin da ke bin gida shi ne al'adar kiran wanzamin, zan dawo kan wannan idan na zo maganar ƙannenki.

Ba ina cewa babu dajin gado a duniya ba. Akwai, amma yana da kamanninsa, kuma wani likitan Amurka mai suna Alfred Knudson ya fayyace dalili tun 1971. Ya yi nazarin dajin ido na yara, wanda ke sa tsakiyar idon yaro ya yi fari yana sheƙi kamar na kyanwa da dare. Ya lura yara kashi biyu ne. Wasu ciwon yakan kama su tun suna jarirai, sau da yawa a ido biyu. Wasu kuma sai sun ɗan tasa, kuma ido ɗaya. Ya ce lallai birkin ƙwaya biyu ne, na uwa da na uba, kuma sai duka sun tsinke ciwo ke tashi. Yaron da aka haifa da guda a tsinke a dukan jikinsa bugu ɗaya ya rage masa, shi ya sa nasa ke zuwa da wuri kuma a wuri fiye da ɗaya. Wanda aka haifa da biyu lafiya sai tsautsayi ya faɗa wa ƙwaya guda har sau biyu, wannan kuwa yana cin lokaci. A 1986 aka gano birkin da yake hasashe, ana kiransa Rb.

Haka gidajen da ake gadon lalataccen p53 suke. Likitoci biyu, Li da Fraumeni, suka fara bayyana irin waɗannan gidaje a 1969, har cutar ta ɗauki sunansu. A can za ki ga mace 'yar shekara 20 da wani abu da dajin mama, yaro da dajin ƙashi ko na ƙwaƙwalwa ko na jini, mutum guda ya yi daji iri biyu ko uku, kuma abin yana bin zuriya daga kaka zuwa jika. Wanda ya gaji wannan da wuya ya kai shekara 61 yana tuƙa tirela daga Kano zuwa Legas, yana zuƙar hayaƙi shekara 30, ba tare da komai ya taɓa shi ba sai yanzu. Ki zauna da mahaifiyarki ku lissafa dangi ta ɓangarori biyu. In babu jerin yara da matasa da daji ya ɗauka, ki ajiye wannan tsoron. In kuwa akwai, ki gaya wa likita, shi zai san gwajin da ya dace.

Za ki ce, to ai ya daina tun shekara 6, me ya sa sai yanzu? Domin birki ba ya tsinkewa rana ɗaya. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kimanin 70 daga ciki an tabbatar suna jawo daji. A 1996 aka nuna cewa ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira benzofayirin, yana manne wa kundin p53 daidai wuraren da aka fi samun lalacewa a dajin huhun mashaya. A baki da maƙogwaro, p16 na cikin waɗanda ke fara faɗuwa, fata ta ɗan canza, wani lokaci ta yi farin tabo. Shekaru su wuce, p53 ya bi baya. Wasu birkunan su biyo, irin su NOTCH1 da aka gano rawarsa a wannan ciwo a 2011. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2015, wanda ya karanta kundin ƙari 279 na kai da wuya, ya sami p53 a lalace a fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda ba ƙwayar cutar HPV, wadda zan yi miki bayaninta a gaba, ta jawo su ba. Ke nan abin da aka rubuta wa Baba shi ne abin da aka saba gani a wannan ciwo, ba wani tambari ne na gidanku ba.

Kuma hayaƙi ba ya zaɓar wuri guda. Tun 1953 wani likitan tiyata a Chicago, Danely Slaughter, ya duba tsokar masu dajin baki 783 ya ga cewa naman da ke kewaye da ƙarin, wanda ido ke gani lafiyayye, shi ma ya fara sauyawa. Kamar gonar da aka daɗe ana watsa wa gishiri ce, inda shuka ta fara mutuwa ba nan kaɗai gishirin ya zuba ba. Wannan ne dalilin da ya sa ko bayan an gama magani likitoci ke nacewa a riƙa komawa duba shekara da shekaru. Dainawar da Baba ya yi kuwa ba ta tafi a banza ba. Haɗarin yana fara sauka cikin 'yan shekarun farko, yana ɗaukar kusan shekara 20 kafin ya koma daidai da na wanda bai taɓa sha ba, kuma marar lafiyar da ba ya shan taba lokacin magani ya fi mai sha samun nasara. Don Allah kada wani a gidan ya goranta masa. Ya riga ya yi abin da ya gagari maza da yawa.

Sai maganar negetif, kuma a nan ba zan ɓoye miki ba. Mun saba a gwajin ƙanjamau ko na ciwon hanta negetif albishir ne. A wannan gwajin abin ya juya. Dajin tushen harshe da gefen maƙogwaro hanya biyu yake zuwa. Ɗaya ta taba da giya. Ɗayar ta ƙwayar cutar HPV, musamman mai lamba 16, wadda ita ce kuma kan gaba wajen jawo dajin bakin mahaifa. Ita HPV ba ta tsinka birki, ɗaure shi take yi. Tana haɗa furotin biyu, E6 mai sa a rushe p53, da E7 mai kama Rb. Idan aka kama Rb sai ƙwaya ta yi ta haɗa p16 babu ƙaƙƙautawa, kamar direban da ke ta taka birki mota ba ta tsayawa. Shi ya sa idan p16 ya fito fozitif, likita kan ɗauka HPV ce sila. Irin wannan dajin ya fi jin magani. Wani nazari da aka buga a 2010 a kan masu dajin wannan wuri da ya riga ya yi nisa, waɗanda aka yi wa gashi da na'ura da kemo, wato maganin daji na ƙarin ruwa, ya sami kashi 82 cikin 100 na masu HPV da rai bayan shekara 3, marasa ita kuwa kashi 57.

Abin da fuskar likita ke faɗa ke nan. Na Baba shi ne mai taurin kai. Amma ki sake duba lambar: 57 cikin 100, a cikin mutanen da ciwonsu ya yi nisa, kuma dukansu waɗanda aka yi wa magani ne. Wanda aka fara da wuri rabonsa ya fi haka. Wanda aka ajiye a ƙauye ana shafa masa ƙulli ba ya cikin wannan lissafin sam.

Wannan ya kawo ni kan baffa, kuma maganarsa ta fi ta gwaggo gaggawa nesa ba kusa ba. Biki saura wata 3, ana iya ɗaga shi. Ƙarin da ya riga ya sauka a kaluluwa ba ya jiran wata 3.

Zancen daji ba ya son ƙarfe na san inda ya samo asali, kuma baffanki ba mugu ba ne, abin da idonsa ya gani yake faɗa. Mutanenmu sukan kai marar lafiya asibiti bayan an gama zagaye, ciwo ya cinye wuya. A ɗebi tsoka, bayan 'yan makonni ya rasu, sai a ce allurar ce ta tayar da shi. Ko kuma a kai kumburin wajen wanzami ya yi masa sakiya da zaton ƙurji ne, wurin ya buɗe ya ƙi rufewa, sai magana ta tabbata a idon jama'a. Sakiya a kan ƙari ɓarna ce, wannan gaskiya ne. Amma aikin likitan da ya ɗauki hoto ya san iyakar ƙarin daban yake. Kuma yawancin maganin dajin tushen harshe ba wuƙa ba ce, gashi ne da na'ura, haske mai ƙarfi da ake saita shi kan ƙarin, sau da yawa tare da wani maganin ƙarin ruwa mai suna sisfilatin. Babu saiwa ko sassaƙen da ke mayar da birkin da ya tsinke. Su kansu masana sun fi shekara 30 suna neman hanyar gyara p53. Ƙasar Sin ta amince da wata allura mai shigar da lafiyayyen p53 cikin ƙarin kai da wuya tun 2003, amma Amurka da Turai ba su karɓe ta ba, kuma ba ta maye gurbin gashi da tiyata ba. Don haka duk wanda ya tallata miki garin magani ko ƙwaya a Facebook ko WhatsApp wai tana “farfaɗo da p53”, kuɗin jinya yake hari.

Kada ki yi musu da baffa, ke 'ya ce, musun zai koma maganar raini a manta da marar lafiya. Ki nemi wanda baffa ke jin kunyarsa, limamin unguwa ko wani aminin Baba na tasha, ki yi masa bayanin nan, shi ya ɗauki baffa su shiga wajen likita tare, baffa ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Dattijon da aka ba girmansa a gaban likita sau da yawa shi ke komawa mai tsare ranar asibiti. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Addu'a da sadaka da saukar Alƙur'ani babu mai hana su, su tafi tare da gashin. Jiƙe-jiƙen sha ne kaɗai zan ce a gaya wa likita kafin a ba shi, saboda sisfilatin yana wahalar da ƙoda, kuma ba a haɗa wa ƙoda kaya biyu.

Wani abu ma da ban gani a wasiƙarki ba: shi Baban, an tambaye shi? Baffa ya rantse, gwaggo ta yanke hukunci, ke kina kuka, mai wuyan kuwa yana zaune. Mutum ne mai hankalinsa da ya riƙe gida shekara da shekaru. A gaya masa gaskiyar ciwonsa cikin lalama, a bar shi ya faɗi abin da yake so. In ya ce asibiti, rantsuwar baffa ta zama ta kaffara.

Idan kun koma, ki tafi da littafi da biro. Ki tambayi matakin da ciwon yake, daga 1 zuwa 4, da ko manufar maganin warkarwa ce ko sauƙaƙawa, da ranar farawa. Gashi yakan ɗauki mako 6 zuwa 7, kwana 5 a kowane mako, kuma tsallake kwanaki yana rage amfaninsa, don haka a tanadi masauki da mai jinya tun kafin a fara. Ana yin gashi a asibitocin koyarwa na Shika a Zariya da na Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, da wasu wuraren. Ku roƙi likitanku ya bincika inda layi ya fi gajarta kafin ku hau mota. A kai shi likitan haƙori tukuna, domin ruɓaɓɓen haƙori ya fi sauƙin cirewa kafin gashi, bayansa ƙashin muƙamuƙi ba ya saurin warkewa. Baki zai bushe, maƙogwaro zai yi zafi, ɗanɗano zai gudu. Abinci ne yaƙinku: kunun gyaɗa da madara, ƙwai, fura da nono mai laushi, romon nama, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ban da yaji da abu mai zafi ƙwarai. In likita ya kawo shawarar sa masa robar abinci, kada ku ɗauka alamar ƙarshe ce, dabara ce ta kada ya rame ya kasa ƙarasa magani.

To gwaggo. Suɓul da bakan da kika yi ya wuce, ki daina cizon yatsa, ciwo irin wannan dama ba ya ɓoyuwa. Tsoronta ma yana da tushe, mutanenmu sun ga abin da sikila ta yi wa gidaje, sun koyi tambaya kafin aure, kuma hakan daidai ne. Kuskurenta shi ne haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Sikila tana cikin kowace ƙwaya ta jiki tun daga ciki, shi ya sa ɗigon jini ke nuna ta, shi ya sa ake gwada ta kafin ɗaurin aure. Ku yi wannan gwajin ku kai mata takarda. Ciwon Baba kuwa ba ya cikin jininki balle a gwada. Kuma ba a ɗaukarsa, ku ci a kwano ɗaya, ku sha a moɗa ɗaya, ku zauna kusa da shi.

Gaskiya guda da zan ƙara, don kada wani ya zo ya ce na ɓoye: bincike ya nuna 'ya'ya da 'yan'uwan mai wannan ciwo suna da ɗan ƙarin haɗari kaɗan a kan sauran jama'a, amma ƙarin yana yin tsanani ne a kan waɗanda su ma ke shan taba da giya. Ga wadda ba ta sha, ciwon da ma ba kasafai ba ne.

Ba ke za ki je gaban gwaggo ba. Aikin saurayinki ne. Ki ce ya raka ku asibiti rana ɗaya, gaisuwar suruki ma ta wajaba a kansa, ya tambayi likita da bakinsa ko ciwon na gado ne, ya ji da kunnensa, ya koma ya gaya wa mahaifinsa, su manya su san yadda za su yi da 'yar'uwarsu. In ya yi haka, kin sami miji. In ya ji daga bakin likita kuma ya ci gaba da laɓewa bayan zanen gwaggo, to kin ga halinsa tun ba a shafa fatiha ba, kuma ni ba zan taya ki kukan rasa shi ba.

Na ce zan dawo kan ƙannenki. Yaron da ya tashi yana ganin kwalin sigari a aljihun uba, ana aikensa sayo kara, ya fi saurin ɗauka. Yanzu kuma ga shisha, wadda samari ke cewa ruwa ya tace ta, alhali hayaƙin taba ne da na gawayi a haɗe. Ga taba gari da anwuru da ake dannawa a leɓe ko a shaƙa, su ma an tabbatar suna jawo dajin baki. Giya idan ta haɗu da taba haɗarin ninkuwa yake. Ki zaunar da mazan cikinsu ki gaya musu abin da ya tsinka birkin Baba, yanzu da suke ganin abin da idonsu maganar za ta fi shiga. In kina da ƙanwa tsakanin shekara 9 zuwa 14, rigakafin HPV ya shiga jerin alluran gwamnati a Najeriya tun Oktoban 2023, kyauta ne, a kai ta. Kuma dukanku ku riƙe ƙa'idar mako 3: gyambon baki da ya ƙi warkewa, dushewar murya, kaluluwa marar zafi da ta ƙi komawa, toshewar hanci ko kunne ɓangare ɗaya, duk wanda ya wuce mako 3 a kai shi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ba kemis ba, ba wanzami ba.

Yau da daddare ki sami mahaifiyarki ku tsayar da wanda zai je wa baffa. Gobe a je masa. Ranar asibiti ta gaba ta same ku a can, da baffa, da saurayin, da littafinki a hannu. Ki rubuto min yadda ta kasance.